Ruwan Zafi a Kan Suri

Sayen kayan gyara ne ya kai ni Kaduna ran nan, wata Alhamis a tsakiyar damina. Sunana Abarshi, bakanike ne ni a Birnin Gwari, shekara ashirin da bakwai ina kwanciya ƙarƙashin motocin mutane. Da na gama abin da ya kai ni kasuwar Panteka na ɗora kayan a motar kasuwa, sai na tsaya na sayi wata babbar farar tasa ta wankan jariri. Bushira matar ƙanena ce ta haihu, washegari suna. Shekara tara suna nema, sau uku ciki yana zubewa. Wannan karon Allah ya tsayar, namiji.

Niyyata in kwana a Kaduna in bi motar safe, ko an riga an raɗa suna ai na tarar da nama. Sai ga wayar ƙanen nawa, Abdulfattah, wanda mu a gida Auta muke ce masa. Wai ya taso daga Abuja, yana cikin Kaduna, in tsaya inda nake zai zo ya ɗauke ni.

Auta ni na raine shi. Yana shekara shida mahaifinmu ya rasu, da baƙin man da ke ƙarƙashin faratana ya yi makaranta. Ya shiga harkar zinare, Allah ya buɗa masa, sai dai arzikin ya riga hankalin isowa.

Da ya iso, rabin mutanen layin sai da suka bar abin da suke yi. Mota ce ja wur, ta lafe a ƙasa kamar ƙadangare, kujera biyu rak. Ƙofofinta sama suke ɗagawa. Injin ma ba a gaba yake ba, yana can bayan ƙeyar direba, an raba shi da mutane da wani ɗan gilashi. Na zagaya ta sau ɗaya na ce masa wannan ba motar hanyarmu ba ce, ko kaza ce ta kwanta a titi ba za ta tsallake ta ba. Ya yi dariya, wai ƙarfin doki ɗari shida ke cikin injin nan. Na ce doki ɗaya mai hankali ya fi su.

Ƙarfe biyar ta kusa. Wanda duk ya san hanyar Birnin Gwari ya san ba a shigarta bayan la'asar, saboda masu bindiga. Na faɗa masa, na maimaita, har na haɗa da zagi. Ya ce shi ba za a raɗa wa ɗansa suna yana wani gari ba, kuma da wannan motar kafin a kira magariba muna ƙofar gida. Na san halinsa, ko na ƙi shiga tafiya zai yi. Na shiga ina ƙunƙuni. Ɗan akwatin da ke gaban motar ya cika shi da kayan jariri, riguna da hoda da turare, don haka tasar a cinyata na rungume ta.

Har Buruku ban sami abin cewa ba. Motar nan ba gudu take ba, tashi take, itatuwa suna wucewa kamar ana jan zare. Bayan Udawa hanya ta nuna halinta. Ramuka ne cike da ruwan sama, ba ka sanin zurfinsu sai ka faɗa. Ina ta cewa ya rage, yana ta duba agogo. A wata kwana ya kauce wa rami ɗaya ya afka wa na biyu.

Na ji ƙarar a haƙorana. Cikin motar ya daki bakin kwalta.

Ba mu ƙara mil ɗaya ba warin ruwan lagireto ya shigo, wani wari mai zaƙi-zaƙi da kowane bakanike ya sani. Jar fitila ta kama a gaban sitiyari. Na ce ya gangara gefe ya kashe, in ba so yake injin ya narke ba.

Wurin da muka tsaya babu gida, babu gona, babu sabis a waya. Daji ne ta ko'ina, kore shar, ya yi duhu tun rana ba ta faɗi ba. Taku biyar daga bakin titi akwai wani jan suri, ya fi ni tsawo, a gindin wata tsohuwar ɗorawa. Kwaɗi suna ta kuka daga wani rafi a can ƙasa. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, sauro, da ƙas-ƙas ɗin ƙarfe mai zafi yana hucewa.

Ruwa ya zaizaye gefen titin, don haka na sami inda zan leƙa. Tiyon da ke kai ruwa daga lagireto zuwa inji ne ya tsage, tafasasshen ruwa yana tsiyaya. Kafin in taɓa komai na tura farar tasar nan ƙarƙashin tsagar.

Wannan ba tsafta ba ce, koyarwar maigidana ce, marigayi Malam Jaji, wanda ya koya mini aiki. A garejinsa ruwan zafi ba ya taɓa ƙasa bayan la'asar. Ka tare shi a kwano, ka bar shi ya huce, ka yi bisimilla, ka ce a kauce, sannan ka zubar a hankali. Ya ce lokacin ne mutanen ɓoye suke fito da 'ya'yansu shan iska, su suna ganinmu, mu ba ma ganinsu. Sau ɗaya na manta, marin da na sha har yau kunnena bai yafe ba. Mahaifiyarmu ma haka take yi da ruwan tukunya. Auta ya san wannan sarai, ya dai ɗauke shi zancen tsofaffi.

Na kwashi gorunan ruwa biyu da muka shanye, na ce masa zan gangara rafi. Na ja masa kunne kada ya taɓa komai. Ya ce to, idonsa a kan hanya, yana ta waige-waige.

Ina durƙushe a bakin rafi, gora ta biyu ta kusa cika, na ji ƙarar watsa ruwa daga sama. Faa.

Kwaɗin suka yi shiru.

Ba ɗaya bayan ɗaya ba. Gaba ɗaya, kamar an rufe ƙofa. Gyare ma ya daina. Ruwan rafin kaɗai nake ji, da bugun ƙirjina.

Sai kukan jariri.

Siriri ne, mai tsini, irin wanda jariri ke yi in numfashi ya ɗauke masa kafin ya dawo. Na raini yara, na san kukan yunwa, na san na rigima. Wannan na ciwo ne.

Ban san yadda na hau gangaren nan ba. Na tarar da Auta tsaye da tasa a hannu, babu komai a cikinta. Tururi yana tashi daga jikin surin, gefe ɗaya ya jiƙe ya yi baƙi. Ya fara yi mini bayani da sauri, wai ta cika tana neman zuba, wai kuma kamar ya ji ƙarar babura daga nesa, gara mu yi sauri. Na tambaye shi ko ya yi bisimilla. Bai yi ba.

Tun da ya girma ban taɓa marinsa ba. Ran nan hannuna ya ɗagu, na mai da shi.

"Yaya, mage ce," ya ce a hankali. "Ko wani tsuntsu."

Shi ma ya san daga ina kukan yake fitowa. Daga cikin surin yake.

Ba na rabo da guntun robar tayar keke da waya a aljihu. Na kwanta na naɗe tsagar nan, na ɗaure. Na ɗura ruwan. Duk wannan lokaci kukan bai tsaya ba. Ina rufe murfin sai ya tsaya cak, kuma wallahi shirun ya fi kukan tayar mini da hankali.

Na juya wajen surin na ce a yi haƙuri, ba da gangan ba ne, yaro ne bai sani ba. Babu abin da ya motsa. Muka bar tasar a nan ƙasa muka shige mota.

Ta tashi bugu ɗaya. Auta ya sauke ajiyar zuciya har da 'yar dariya. Ni ban yi ba. Rana ta faɗi, sama ta yi ja, lokacin da ake kiran salla a gari.

Mil biyu, ko uku.

Ƙauri ya fara shigowa. Ba na roba ba, ba na fetur ba. Ƙaurin gashi ne da fata.

Na duba allurar zafi. Tana ƙasa, wai injin da sanyinsa. Amma ƙeyata zafi take ji kamar na juya wa murhu baya.

Sai sautin injin ya sauya. Ni duk ƙarar da inji zai yi na san sunanta, na san abin da ya jawo ta. Wannan ban san ta ba. Wani bugu ne a hankali, tap, tap, tap, ba ya bin gudun mota. Na jima ina saurare kafin in gane inda na san shi. Haka mace take bubbuga bayan jariri in tana lallashinsa.

Auta ya ɗaga ido ya dubi madubi. Na ga fuskarsa ta sauya.

"Yaya," ya ce da raɗa, "kada ka waiga."

Na waiga.

A bayan gilashin nan, inda inji ya cika wuri, inda ko kaza ba za ta sami masauki ba, mace ce a naɗe. Doguwa ce ƙwarai, gwiwoyinta sun wuce kanta. Jikinta duk jar ƙasar suri. Gara tana yawo a fuskarta, tana shiga hanci tana fita, ita ko ƙiftawa ba ta yi.

A ƙirjinta jariri ne. Daga kafaɗarsa zuwa ƙugu fatar ta saluɓe.

Ba mu take kallo ba. Ta tsakaninmu take kallo, can gaba, wajen akwatin da kayan jariri suke.

Injin ya yi tari sau biyu ya mutu. Motar ta gangara da kanta, ta tsaya a tsakiyar titi. Fitilu suka ɗauke.

Auta ya danna maɓallin ƙofa. Babu. Na danna nawa. Babu. Komai na motar nan da lantarki yake aiki, lantarkin kuwa ya tafi.

Hayaƙi ya fara shigowa ta ƙarƙashin kujeru. A bayan gilashi wuta ta kama, shuɗiya da farko, sannan ja. Tana zaune a cikinta tana bubbuga ɗanta.

Na kama Ayatul Kursiyyu. Na kai tsakiya na koma farko, na sake. Ta jira ni har na kai ƙarshe. Ba ta gusa ba. A nan na gane ba zalunci ta zo yi ba, hakkinta ta biyo.

Muryar ba daga baya ta fito ba. A cikin kunnena na ji ta, da ɗumin numfashi.

"Wa ya zuba?"



"Akwai jariri a gidanku," ta ce. "Na ji ƙamshin kayansa. Kwanansa shida."

Gilashin ya tsage daga kusurwa. Ƙas.

"Da asuba za a ɗora ruwan wankansa."

Auta ya fashe da kuka, irin kukan da ya yi ranar da muka binne mahaifinmu. Na tuna Bushira a kan tabarmar tsakar gida bayan ɓarin na uku, ta juya fuska ga bango, kwana biyu ba ta ce wa kowa uffan ba. Ni na ga wannan. Ba zan sake ganinsa ba.

"Ni ne," na ce. "Tasata ce. Ni na tara ruwan, ni na zuba."

Bugun ya tsaya.

A karo na farko ta juyo da idonta kaina. Ta daɗe tana kallona. Ta san ƙarya nake yi, ai a gabanta aka yi abin. Ina jin gashin ƙeyata yana ƙonewa ban kau da kai ba.

"Da wane hannu?"

"Duka biyun."

"To," ta ce.

Ƙofata ta ɗaga da kanta. Na faɗo kan kwalta ina tari.

Ta Auta ba ta buɗe ba.

Na yunƙura in koma ta tawa in jawo shi, ta sauko ta rufe. Na zagaya da gudu. Wuta ta fasa gilashin, ta kama bayan kujerarsa. Yana dukan taga da tafin hannu, bakinsa yana kiran sunana, ba na jin sautin. Na nemi dutse, babu ko tsakuwa. A ƙasan ƙofar akwai 'yar tazara, daidai shigar yatsu. Fentin wurin yana tafasa, yana kumfa.

A nan na gane abin da "to" ɗinta yake nufi.

Na yi bisimilla. Na zura yatsuna goma.

Ba zan iya faɗa muku zafin ba. Ƙamshin dai na tuna, irin na ranar layya in an ɗora kai da ƙafa a wuta, kuma nawa ne. Na ɗaga. Ba ta motsa ba. Na sa gwiwa a kwalta na sake ɗagawa, ina jin tafin hannuna yana manne wa ƙarfe.

Ta buɗe a hankali, kamar wanda ya riƙe ta ne ya saki.

Na cusa damatsana ƙarƙashin hammatarsa na fizgo shi. Muka gangara cikin kwatar gefen titi. Tankin mai ya tashi, dajin ya haske har saman itatuwa.

Ta cikin hasken na gan ta. Ta goya ɗanta, ta juya mana baya, tana komawa ta hanyar da muka fito. Ba ta sauri. Ba ta waiga ba.

Sai kwaɗi suka ci gaba da kuka.

Wani direban babbar mota ne ya kwashe mu, Shekari, mutumin kudancin Kaduna da yake dakon masara. Daga baya ya ce mini shi a hanyar nan ko uwarsa ce ta tsai da shi ba ya taka birki, amma ya ga mutum durƙushe ya ɗaga hannu biyu sama suna hayaƙi, ƙafarsa ta taka da kanta. Auta ko ƙwarzane bai samu ba, in ban da gashin ƙeya da ya babbake.

Ina gadon asibiti aka raɗa suna. Sunana na yanka aka sa wa yaron. Innarmu Hajjo, ƙanwar mahaifiyarmu, ita ta zo ta gaya mini sauran. Da asubar sunan ta fito za ta ɗora ruwan wanka, ta tarar da farar tasa a ƙofar ɗakin Bushira, cike da ruwa, yana tururi. Ba ta tambayi kowa ba. Ta zauna kusa da ita har ya huce, ta yi bisimilla, ta ce a kauce, ta zubar a hankali. Tasar kuma ta haƙa rami ta binne.

Likita ya ce na yi sa'a ba a yanke hannuwan ba. Sun warke, amma yatsun sun ƙanƙance, ba sa riƙe sifana. Garejin na bar wa wasu, ina zama a benci ina faɗa, abin da ya rage mini ke nan. Auta ya sayi tsohuwar akori-kura, ba ya wuce la'asar a waje, kuma a gidansa ko ruwan shayi ba a zubarwa da zafi. Sau da yawa yakan zo ya zauna kusa da ni zai fara magana, in ce masa ya rufe mini baki, abin da ya wuce ya wuce.

Duk wannan da sauƙi. Ranar da aka yi arba'in Bushira ta kawo mini yaron, ta durƙusa ta ce, "Yaya, ga takwaranka." Na kai bayan yatsana ɗaya na shafi ƙafarsa. Ya tsandara ihu. Inda na taɓa ya yi ja, kafin magariba ya tashi ya ɗuri ruwa. Na taɓa 'ya'yan maƙwabta, na gaisa da mutane, babu wanda ya ji komai. Shi kaɗai.

Bana shekararsa huɗu, lafiyayye, ga surutu, ga taurin kan ubansa. Duk gidan babu wanda yake so kamar ni. In ya hango ni daga zaure sai ya sheƙo da gudu, ya ɗaga hannu biyu yana cewa Baba ɗauke ni. Nakan mai da hannuwana baya in haɗe su, in durƙusa ya rungumi wuyana shi kaɗai.

Jiya ya tambaye ni ko ƙyamarsa nake yi. Na ce a'a, hannun Baba ne da datti. Ya ruga ya ɗebo ruwa a ɗan kofinsa, yana tafe yana zubarwa, ya ce in miƙo ya wanke mini.